Auta da Famfon Roka

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta samu aikin nan. Wurin gwada injin roka, can wata uwa duniya. Abbanta ya ce shi ya yarda, saura ni. Ai kuwa za su daɗe suna jira.

Laraba, 5 ga Maris
Yau ta tsare ni a kicin, wai in na gane aikin zan daina tsoro. Wai injin roka shan mai yake kamar hauka, dole sai famfo ya riƙa tura masa. Nasu famfon kuma ba lantarki ke juya shi ba. Man ake ɗiba kaɗan a ƙona a wani ɗan ƙaramin mazubi, hucin ya bugi farfela, farfela ta juya famfo. Na ce wato wuta a gefen tankin mai, da gangan? Ta ce, "Eh mana, Umma." Eh mana! Ko a jikinta.

Asabar, 8 ga Maris
Wai za ta nuna mini. Ta yanka gwangwanin madara ta yi farfela, ta toshe murfin butar shayina da tsumma don tururi ya fito da ƙarfi. Farfelar ta juya, ban musa ba. Sai murfin ya yi sama, ruwan zafi ya wanke mata hannu. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Buta ma ke nan!

Lahadi, 9 ga Maris
Ba na mata magana. Haushi nake ji, tsoro kuma ya fi haushin.

Alhamis, 13 ga Maris
Ina canja mata bandeji ta ce gobe za ta ba su amsa. "In ba ki yarda ba, Umma, a'a zan ce." Ba kuka, ba roƙo. Da ma rashin kunya ta yi in samu abin kamawa.

Na ce a can ma haka suke tsayawa a kan wutar? Ta yi dariya. Wai ba mai zuwa kusa, suna nesa a bayan katangar kankare, a allo suke kallo, in zafi ya wuce kima man yanke kansa yake. To don Allah me ya hana ta fara da zancen katangar? Ta tsaya tana cika ni da farfela. Halin ubanta sak.

Juma'a, 14 ga Maris
Ban ce na yarda ba. Babban akwatina dai na sauko da shi, ƙura ta yi masa yawa. Na goge na ajiye a ƙofar ɗakinta, nawa ɗakin ba wuri. Zif ɗinsa yana cijewa. Sai na nuna mata yadda ake jansa, kada ta je can ta ɓalla mini.