Mama Ta Ji Teku Daga Bayan Katanga

Zuwa ga yayana Ishaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aiki da mutanen Legas. Mu nan Zuru lafiya lau, an gama girbi, dawa ta yi kyau bana. To, na cika ladabin da aka koya mana a gida. Yanzu sai ka gyara zama, don abin da ke bakina ba mai daɗi ba ne.

Na kira ka har na gaji. Tun da wayata ba ta kai a ɗauka ba, na kawo maganar nan shafin sada zumunta, inda jama'a ke karantawa. Nan kam na san kana leƙowa, don ko jiya na ga hotonka a bakin teku, da baƙin tabarau, kana dariya har da haƙoran ciki.

Ka tuna Baba, Sajan Bawa, yadda yake zama a gindin mangwaro yana ba mu labarin zamansa na soja a Legas? Kullum da teku yake rufewa. "Ruwa ne da ba shi da tsallake," haka yake cewa. Ya yi wa Mama alkawarin in ya yi ritaya zai kai ta ta gani. Ritaya ta zo, ciwo ya biyo bayanta, muka binne shi da alkawarinsa.

Sai bara likita ya ce Mama na da hawan jinin ido. Ya ce ganin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma yana kan hanya. Da na gaya maka, kai da bakinka ka ce in kawo ta lokacin Kirsimeti. Ka ce otel ɗin da kake shugaban masu gadi a bakin ruwa yake, daga ƙofar ɗakinka ana ganin teku. Ba wanda ya roƙe ka, Yaya. Kai ka ɗauko zancen.

Ba ka ga yadda matar nan ta shirya ba. Ta zaɓi wani jan zakara a cikin kajinta, ta ware shi, tana ba shi dawa a tafin hannu. Ka san al'adarmu: uwa ba ta shiga gidan ɗanta karon farko hannu rabbana, kuma a ƙofarsa ake yanka abin da ta kawo. Na ce mata Legas ma ana sayar da kaji. Ta ce waɗancan ba su san hannunta ba.

Muka hau mota zuwa Kontagora, daga can muka kama babbar hanya, Mokwa, Jebba, Ilori, zakara na cikin kwando a kan cinyarta. Ko a wurin cin abinci sai ta ba shi ruwa kafin ta sha.

Da safe muka sauka a tasha a Legas. Mama ta gyara ɗankwali, ta zauna a kan buhun dawa, ta fuskanci ƙofar shigowa. Duk dogon namiji da ya ɓullo sai ta miƙe wuya, ta ƙanƙance ido. Kai ma ka san a garinmu ko ƙanen maƙwabci ne ya zo daga Dabai nan kusa, wani zai je tasha ya karɓe masa kaya. Mu muka zauna har rana ta take. Sannan saƙonka ya shigo wayata: aiki ya riƙe ka, lokacin baƙi ne, ɗakinka ƙarami ne, mu nemi masauki a bariki wajen 'yan garinmu, gobe mu hau mota kaza, mu sauka a wuri kaza, mu sake hawa mota kaza.

Kwatance ka turo wa uwarka, Ishaya. Matar da ta goya ka daga bariki zuwa bariki, duk inda aka tura Baba, kai ka turo mata kwatance.

Allah ya saka wa matar sojan nan 'yar garin Kanya, can wajenmu, da ta ba mu tabarma da ruwan wanka. Ba ta san mu ba, yarenmu kawai ta ji.

Washegari muka fito bin kwatancenka. Ka ce mu hau doguwar bas mai sanyi a ciki. Muka bi layi a rana, da muka kai bakin ƙofa zakara ya yi cara, mai duba kati ya ce ba a shiga da dabba. Ban ga laifinsa ba, dokar aikinsa ce. Kai ne ka san dokar, kai ne kuma ka san uwarka ba za ta zo babu kaza ba.

Sai muka koma ga ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa, da suke kira danfo. Kwandasta na rataye a ƙofa yana ihun sunayen unguwanni, duk a kunnena iri ɗaya ne. Mama ta shiga, ta gaida na dama, ta gaida na hagu, ta tambayi wata mata ya yara. Ba wanda ya ko ɗago kai. Sannan ta taɓa kwandasta, ta ce masa da Hausarta ta bariki, "Ɗana, gidan Ishaya na Sajan Bawa za ka aje mu." A Zuru wannan ya isa. Ko wane ɗan kabu-kabu ka gaya wa haka, har ƙofar gida zai kai ka, ya kuma tambayi lafiyar mutanen ciki. A can dariya aka yi mata. Wani da ya ji Hausa ya fassara wa sauran, mota ta ɗauka gaba ɗaya. Mama ma ta taya su, don ta zaci wani abin daɗi ta faɗa. Ni kuwa na sunkuyar da kai.

Ashe motar da ke komawa baya muka hau. Ka rubuta sunan tasha, ba ka rubuta wane ɓangaren titi ake tsayawa ba. Da na gane, na ce a sauke mu. Su kuma direbobin can ba sa tsayawa, rage gudu kawai suke yi, sai ka yi ta kanka. Ni na dira da kwando. Mama ta sa ƙafa inda take zaton ƙasa ce, ta zube a kan gwiwa a bakin kwata. Ta tashi, ta karkaɗe zani, abin da ta fara tambaya shi ne ko zakara ya ji ciwo. Na kira ka a wurin, jini na bin ƙafarta. Wayar ta yi ta ƙara har ta yanke.

Ranar muka koma bariki ba mu kai ko'ina ba.

Na ce mu haƙura mu koma gida. Ta ce ita ba ta zo nan don ta ga bariki ba, ta ga bariki iyakar gani a rayuwarta. Da gari ya waye muka sake fita, na ɗaure mata gwiwa, na rufe kwandon da zani don kada a sake korar mu.

A wannan karon motar ta hau wata doguwar gada, ruwa ta ko'ina. Na roƙi wani ya matsa, na tura Mama jikin taga, na ce ta duba. Ta manna goshi a gilashi ta daɗe tana kallo. Bayan gada muka faɗa cunkoso. Motocin masu zuwa hutu sun cika titi, da kiɗa, da yara masu balan-balan, kowa ya nufi bakin ruwa. Mu muna matse a bayan danfo, ƙarfen kujera na ƙuna, ba iska ko ta magani. Muka sauka muka hau wata, muka sauka muka hau keke mai ƙafa uku. A cikin keken ne Mama ta sa hannu ƙarƙashin zani, ta daɗe tana lalube, sannan ta zare hannun a hankali. Zafi ya kashe zakaran. Ba ta yarda na jefar ba, haka ta rungume kwandon har ƙofar otel ɗinku.

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka iso. Doguwar katanga, babbar ƙofar ƙarfe, masu gadi da kaki mai guga. Na ce ga mahaifiyar shugabanku. Suka ce ba mai shiga sai wanda ya kama ɗaki, amma za su kira ka. A gabana suka kira ka, kuma a wayarsu ka ɗauka tun bugun farko. Ka ce manyan baƙi sun sauka, ba ka da halin motsawa, mu koma, gobe za ka zo bariki da kanka.

Taku nawa ne daga inda kake zuwa ƙofar nan, Yaya? Mu mun ƙetare rabin Najeriya. Ko kunyar zanin Mama da kwandonta ka ji a gaban baƙinka? In haka ne ka faɗa, mu san inda muka tsaya.

Ina cikin faɗa da masu gadi, na waiga na ga Mama ta bar wurin. Ta bi jikin katanga, ta dafa ta da tafin hannu, ta karkata kai. Sai ni ma na ji shi. Wani irin ruri mai nauyi, ya zo, ya koma, ya sake zuwa, iska na kawo warin gishiri. Tsakaninta da abin da aka yi mata alkawari tun muna yara, bulo ne kawai. Ta tsaya a nan har sai da na ja hannunta, don kada mota ta ƙare mana.

Goben da ka ce ba ta zo ba. Muka dawo Zuru.

Da damina ta tsaya, ganin ya ƙarasa tafiya. Yanzu rana ce kawai take ganewa, da ɗuminta a fuska. Kuma ka san abin da ya fi ƙona mini rai? A zumuntar mata a coci, Mama na ba da labarin yadda ɗanta ya kai ta ta ga teku. Har hannu take buɗewa tana nuna faɗinsa. Na zaci ruwan ƙarƙashin gada ne ya ruɗe ta, sai wata rana ina taje mata kai ta ce da ni, "Wancan na gada ba shi ba ne, na hangi gidaje a tsallakensa. Na bayan katanga shi ne na Babanku." Na ce to ki yi haƙuri, ba ki samu gani ba. Sai ta ce, "Ladi, in ruwa nake so, ai ga kogin Yawuri nan kusa. Fuskar Ishaya na je in ƙara gani."

Ba ta gani ba. Kuma yanzu ko ka kawo fuskar a faranti, ba za ta gani ba. Wannan ba ya gyaruwa, kuma ban yafe maka shi ba tukuna.

Na gaya mata zan rubuta wannan, jama'a su karanta, matan zumunta ma su ji. Ba ta hana ni ba. Abu ɗaya ta roƙa, kada in ambaci sunan otel ɗin, kada a kore ka daga aiki. Ka ji irin uwar da ka bari a bakin ƙofa.

Ni ma ban manta ba, Yaya. Kai ne kake ɗora ni a bayan keken Baba ka kai ni makaranta, in muka zo gangara ka ce in riƙe rigarka da kyau. Wannan yaron nake nema, ban san inda Legas ta kai shi ba. Mama ta ware wani zakaran bana, baƙi mai jan wuya. Ba ta ganinsa, amma ya san hannunta. Kullum da yamma tana zaune a ƙofar gida, in kabu-kabu ya tsaya sai ta daina abin da take yi, ta saurari takun wanda ya sauka. Kunnenta bai mutu ba, hannunta ma na nan, za ta shafa fuskarka ta gane ka.

Allah ya kiyaye ka a bakin ruwan nan, ya tausasa zuciyarka, ya ba Mama tsawon kwana har ta ji sallamarka. Allah ya ba ni ikon yafe maka, don ni kaɗai na kasa. Amin.

Kirsimeti ta kusa. In ka taso, ba zan turo maka kwatance ba. Ka faɗi ranar kawai, zan zo tasha da kaina tun safe, in karɓi jakarka, in kai ka har gabanta.

Taka ƙanwa, mai fushi da kai,
Ladi