Mutum-mutumin Asibitinmu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Umma, ya yara?

Don Allah ka daina kunna mata finafinan da mutum-mutumi ke ƙwace duniya. Ta kira ni a tsorace, wai na asibitinmu zai shaƙe ni. Wannan da muke goge ƙasa tare, leda ma tsayar da shi take yi, sai na ɗaga shi. Wata ranar shi kaɗai ke gaishe ni, amma ba komai.

An rage ma'aikata saboda shi, ni kuwa na shiga koyon gyaransa. Ka ce ta kwantar da hankalinta, ta sa mini albarka. Ko duniyar finafinanka ta zo, 'yarta ta san inda makunnin yake.

Ƙanwarka,
Auta