Na Koya Mata Kashe Murya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ƙafar nan ta daina damunki.

Kin ce aikina zaman kujera ne da hira da waya. To, da gaskiyarki. Daga ɗakin nan mai taga ɗaya nake duba yaran ƙauyuka ta bidiyo, masu wahalar magana da haɗiya. Akwai 'yar shekara uku da nake kira Tsuntsuwa, don yadda take wage baki in ta ga cokali. Abinci mai kauri kaɗai take iya haɗiyewa. Uwarta akwai kunya. Duk Talata sai ta share tsakar gida ta jingina wayar da bokiti, kamar baƙuwa za ta zo. Ranar farko kukan awakinsu ya cika mini kunne, sai na koya mata inda za ta danna ta kashe murya in ba magana take yi ba.

Makon nan na ga yarinyar ta sha cokali biyar na ruwa lafiya lau, na ce a riƙa ba ta. Har tafi na yi.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Ni kam sai a hankali.

Tsuntsuwa ta rasu ranar Lahadi a hanyar asibiti. Ruwan da na ce a ba ta, ashe huhu yake gangarawa. Irin waɗannan yaran ba lallai su yi tari ba. Muryarsu ce ke jiƙewa bayan haɗiya, kamar mai kurkurar baki. Da kunne ake ganewa, Yaya, kuma shekara tara ina koya wa ɗalibai haka.

Na sake kallon bidiyoyin da muka ɗauka. Duk sanda uwar za ta ɗauki cokali, sai ta miƙa yatsa ta kashe murya don kada ta dame ni. Ni kuwa ina kallon leɓe ina gyaɗa kai, ban tambayi kaina me ya sa gidan awaki ya yi tsit ba.

Jiya Talata ƙarfe goma uwar ta kira, tsakar gidan a share. Na zaci zagi zan sha, har na so hakan. Godiya ta yi mini, ta ce duk abin da na koya mata ta bi, ko ɗaya ba ta tsallake ba. Da ta gama ta danna wurin kashe muryar, tana jiran in yi magana. Ina ganin kafaɗunta na rawa, ba na jin komai.

Ban gaya mata laifina ne ba tukuna. Don Allah ki faɗa mini ta ina zan fara.

Taki,
Auta