Lambun Inna a Ƙarshen Damina

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Na je Gwandu. Rabona da gidanmu tun watan Agusta, ranar da muka ɗauko Inna zuwa wurina a nan Kalgo bayan ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ban iya shiga ɗakinta ba. Bayan gida na wuce.

Lambun ya zama daji. Kuɓewa ta ƙosa a jikin uwarta, wasu har sun tsage. Alayyafo ya yi kai ya fid da iri. Kabewa ta haye katanga ta sauka gidan maƙwabta. Tumatir kuwa ruwa ya kashe shi. Na murza ganyen ɗoɗɗoya a hannu, sai na ji ƙamshin zanen Inna. Na tsuguna a wurin na daɗe.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na kawo mata yakuwa da barkono. Ta shafa su da hannun hagu. Da ƙyar maganar ke fita, amma na ji ta: "Guro fa?" Na ce kuɓewar ta ƙosa, Inna, ba ta ciyuwa. Ta ce, "A bar ta. Iri."

Mai tunanin iri ai mai niyyar komawa ce. Za ta miƙe, in sha Allahu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yaya Siddiƙu ya iske ni a lambun ina cirar ciyawa. Wai ɗakin Inna ya yi nisa da bayi, ga dakali mai tsawo a ƙofa, keken guragu ba zai hau ba. Yana so ya gina mata ɗaki mai bayi a ciki. Kuma fili a gidan nan babu, sai lambu.

Ban san lokacin da na ce masa, "To ka haɗa da ni ka zuba siminti." Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, "Jidda, ke kina jiran ta miƙe. Ni ina jiran ta dawo gida."

Na bar cirar ciyawar, na kama hanyar Kalgo.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ban kira shi ba. Shi ma bai kira ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na tsinke barkono na shanya, na yanke ganyen yakuwa da ya rage. Bana yakuwa ce ta fi yin kyau, ita da ba a kula da ita ba. Na'ana'a ta ƙone ƙurmus, don tun da ruwa ya ɗauke babu mai ba ta.

Rahmatu maƙwabciyarmu ta shigo da kabewar da ta nuna a gidanta, ta ce amanar Inna ce. Muna hira sai ta ce, "Ai tun bazara ni ke ja mata ruwa. Guga ya fi ƙarfinta. Wani lokaci a zaune take shuka, tana jan jiki. Ta ce kada in gaya muku."

Tun bazara! Ni kuwa duk zuwan da zan yi, sai dai in ci miya in yaba, in cika leda in tafi.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ma'aikaciyar asibiti mai motsa mata jiki ta zo. Muka kama ta mu biyu don ta tsaya. Ƙafar ba ta amsa ba ko kaɗan, duk nauyinta a kafaɗata yake. Da muka zaunar da ita, ta juyar da fuska ga bango.

Bayan matar ta tafi, Inna ta ce, "Gida." Na ce lambu kike kewa? Ta girgiza kai. "Gida."

Sai na gaya mata abin da Yaya ke shirin yi. Allah Ya sani, na faɗa ne don ta ƙi, in samu abin riƙewa. Ta rufe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Zogalen… Malam ya dasa shi. Shi a bari."

Baba ke nan, Allah Ya jiƙansa. Ni ce na fita tsakar gida na yi kukan.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Yau na tuge komai, banda zogalen. Na ɓare busasshiyar kuɓewa, na kakkaɓe kan alayyafo a faranti, na sheƙe. Kowane iri da kwalbarsa, da ɗan toka a ciki saboda ƙwari, yadda take yi. Ban san na iya ba. Ashe ido ya daɗe yana koyo.

Yaya ya zo da magini. Ba mu tada maganar ranar nan ba. Ya naɗe hannun riga ya riƙe mini bakin buhu ina zuba karare. Da zan tafi ya ce, "Ki ce da Inna ina tafe jibi."

Fili fetal. Ashe wurin ƙarami ne haka.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Jiya na tarar an haƙa harsashi. Na ce da magini ya mayar da taga ɓangaren zogale, kuma ya yi ta ƙasa-ƙasa, yadda wanda ke kwance zai gani. Yaya ya dube ni, na kau da kai.

Rabin irin na ba Rahmatu, rabi na taho da shi Kalgo. Ajiya ce kawai. Ni ba mai lambu ba ce, ga makaranta, ga yara, ga ruwan unguwarmu sai an saya.

Bayan la'asar dai na ga wani tsohon bokitinmu da ya fashe, na ce bari in huda gindinsa kada ya zauna a banza. Inna na jingine a kan tabarma tana kallona ina zuba ƙasa da taki.

Ta ce, "Takin ya yi yawa."

Na rage.