Alamar da Likita Ta Yi Murna da Ita

Litinin, 3 ga Maris

Ba basir ba ne. Kansa ce, a dubura. Na rubuta a nan tunda bakina ya ƙi faɗa. Wata da watanni ina shan jiƙe-jiƙe, ina zama a gefe ɗaya a kan keken ɗinki, ashe abin yana can yana girma. Likita ta ce za su duba ɗan naman da suka yanko, akwai alamar da ke nuna musu ko magani zai kama ko ba zai kama ba. In bai kama ba, sai tiyata, a maƙala mini jaka a ciki har ƙarshen rayuwa. Baban yara ya tuƙo mu gida. Dama can shi da firij ɗin da yake gyarawa, firij ya fi shi magana.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau Yaya ce ta raka ni, shi yana da aiki. Da na sani.

Likita ta shigo da fara'a. Wai an samu alamar wata ƙwayar cuta a naman, kuma albishir ne, don irin wannan kansar ta fi jin magani da gashin na'ura. Ni har na fara hamdala. Sai Yaya, da ba a barin ta a baya, ta tambaya ina ake samun ƙwayar. Likita ta ce yawanci ta hanyar kusantar juna, kamar tsakanin miji da mata, amma kusan kowane babba ya taɓa haɗuwa da ita, tana iya kwanciya shekaru masu yawa, kuma ba mai iya cewa daga wa ta fito ko yaushe. Yaya rabin farko kawai ta ji. A mota ta ce, "To, ga tsarabar da mijinki ya kawo miki."

Juma'a, 14 ga Maris

Ban yi ɗinki ba. Ban yi komai ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya ta zo har falo ta wanke Baban yara tas, a gabana. Ta tono masa shekarun da yake tafiye-tafiyen aiki. Ya tsaya da sukundireba a hannu yana kallon ƙasa. Na so ya yi musu, wallahi na so, ko tsawa ce ya daka mata. Bai yi ba. Shirun nan ya fi maganar Yaya ƙona mini rai. Da ta ce in haɗa kaya in koma wurinta har a gama magani, sai na haɗa. Shi ya ɗaukar mini jakar zuwa mota.

Laraba, 2 ga Afrilu

An fara gashi. Kullum da safe in kwanta a kan wani tebur mai sanyi, na'ura ta yi ta zagaya ni, an zana mini ɗige-ɗige a fata an ce kada in goge. Kunya dai ta ƙare, mutum nawa ne suka ga inda ko ni ban taɓa gani ba. Ɗakin Yaya na baƙi yana warin kafur, labulen kuma ni na ɗinka shi tun tuni, yanzu nake ganin kalmasar ta karkace. Tana kula da ni, ba zan ci amanarta ba. Amma kowane cokali da za ta ba ni sai ta haɗa da sunansa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Wurin ya saɓule. Shiga banɗaki sai da kuka. Wata mata da muke layi tare, malamar makaranta, ta ce ita ba a samu alamar a nata ba, likita ya ce za su fi sa mata ido. Ta ce mini na yi sa'a. Abin da ya raba ni da gidana, shi wata take kwana tana roƙon a ce tana da shi.

Talata, 22 ga Afrilu

Baban yara yana zuwa asibiti. Ba ya shigowa, yana zama a bencin da ke kusa da injin ruwa da kayan aikinsa a ƙafa. Yau nas ta ce mini mijina ya gyara musu firij ɗin ofis kyauta. Ban yi dariya ba. Na ɗan yi.

Alhamis, 8 ga Mayu

An gama gashi. An ɗebi jini, wai za su nemi ɓurɓushin ƙwayar a ciki nan gaba su kwatanta. In ya ɓace, alama ce mai kyau. Na gaji da alamomi. Jikina ya zama kamar yadin da kowa ke ɗagawa a rana yana neman huji.

Lahadi, 25 ga Mayu

Auta ta kira daga makaranta tana tambaya me ya haɗa ni da babanta. Na ce ciwo ne kawai. Bayan ta ajiye sai na zauna ina tunani. Ni ma fa na yi aure kafin shi, gajere, wanda Yaya da kanta ta tsaya kai da fata aka ɗaura. Ta manta da wannan, ko ta ga dama ta manta. Shi bai manta ba, na sani. Ranar da take zazzaga masa, kalma ɗaya ta ishe shi ya juyo da abin kaina. Ban san me zan yi da wannan tunanin ba, na kwanta da shi.

Litinin, 30 ga Yuni

Ranar sakamako. Dukansu biyu suna wurin, Yaya a wannan ƙarshen benci, shi a wancan. Nas ta leƙo ta ce mutum ɗaya ne zai shiga da ni. Yaya har ta miƙe ta gyara mayafi. Na ji bakina ya ce, "Baban yara, taso." Don dai Yaya ta cika tambaya ne, ba wani abu ba.

Likita ta ce ba a ga ɓurɓushin a jini ba, ƙarin kansar ma ya ja baya sosai. Ba a gama ba, za a ci gaba da dubawa, amma yanzu ba maganar tiyata. Na juya in ga ko ya ji, sai na tarar ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Da muka fito ya ce, "Ko ni ne, ko ba ni ba ne, ki yafe mini." Na ce masa ya goge fuska, mutane na kallo.

Laraba, 2 ga Yuli

Na ce wa Yaya zan je gida in ɗauko zare da almakashi in dawo. Shekaranjiya ke nan. Ta kira, na ce mata har yanzu ban ga almakashin ba.