Nonon Ƙerana da Idon Ramatu

Bodinga, Nuwamba 1960

Zuwa ga Ramatu, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata bayan doguwar tafiya! Gaisuwa mai yawa, da sannu, da sannu kuma.

Yayarki Atika ta iso shagona jiya ina kan keken ɗinki. Ta ajiye zanen da na ba ki, a naɗe yadda na naɗe shi, ta ce kin ce in nemi wata, ba ki yarda in auri mai ido ɗaya ba. Haba Ramatu! Wa ya ba ki izinin yanke mini hukunci ban halarta ba? Tun jiya zare ya ƙi shiga allura a hannuna.

Kin tuna ranar da kika ga ƙerana a bakin shingenmu, kika tsaya kina dariya, kika ce ga itace ba ganye, sai ƙaya da taurin kai kamar mai shi? Kika roƙi reshe don awaki su bar miki yakuwarki a garinku Shagari. Na yanko da murna. Na ce ki bar shi a inuwa kwana bakwai har bakin yankan ya bushe, ki dasa cikin yashi, kada ki dame shi da ruwa. Duk na faɗa, ina ta burga kamar malamin gona. Abu ɗaya na manta, kuma shi ne babba: farin nononta wuta ne. Ba a yankanta sai an naɗe hannu da tsumma, an juya fuska, in an gama kuma a wanke hannu da toka da sabulu. Bakina ya manta saboda idona yana kanki.

Atika ta gaya mini sauran. Kina yankan rassa don ki tsawaita shingen, aka ce ga Lawali tela an gani a kasuwa, ya kawo tutocin 'yancin kai da ya ɗinka. Kika jefar da wuƙa, kika ruga ɗaki, kika ɗauki kwalli da hannun nan ba wanki. Wayyo Ramatu! Don ki yi mini kyau kika sa wuta a idonki. Innarki ta wanke idon da madara har ƙwarya uku, aka kai ki asibiti Sakkwato, amma na hagu ya yi fari.

To, gaya mini, ina zan kai wannan nauyi? Idon da ya tafi a kan hanyar zuwa gare ni, shi zan guda? Wallahi ban taɓa son ki kamar yau ba, kuma ba tausayi ba ne, kada ki raina mini hankali. Na yi kuka, na ji kunyar kaina, na kuma yi fushi da ke kaɗan.

In kin daina so na ne, faɗa mini, zan haɗiye. In kuwa don ido ne, ban karɓa ba. Ranar Juma'a kawunnaina za su zo gaban Babanki, ni kuma zan tsaya a ƙofar gidanku bayan la'asar. Kada ki ja mayafi ta hagu. Ki fito mini da fuskarki duka, ita nake nema.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a sa ni a ƙasa,

Lawali Tela