Hoton Ƙafar Gwaggo Yana Cikin Wayata

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da amsa a wannan makon, kada ki sa wasiƙata a layi, domin abin da nake tambaya a kai yana cikin wayata yanzu haka, kuma haƙurina ya kusa ƙarewa.

Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta karatun jinya. Makarantarmu ba wata babbar jami'a ba ce, ƙaramar kwaleji ce a bayan tashar mota, muna cikin darasi muna jin ana kiran fasinja. Mutum-mutumin robar da muke koyon allura a jikinsa ma hannu ɗaya ya rage masa. Amma dai muna karatu, kuma saura mako bakwai in zauna jarrabawar samun lasisi.

Matsalata ita ce gwaggona, yayar babana. Mace ce mai ji da kanta, irin waɗanda in sun shigo gidanka sai sun shafa kujera da yatsa kafin su zauna. Ɗanta guda yana karatun likita a jami'a, yana aji huɗu, amma tun ranar da ya karɓi takardar shiga ta hana kowa kiran sunansa, sai dai Dokta. Ranar da na samu tawa takardar Baba ya kai mata da murnarsa. Ta riƙe ta da yatsu biyu kamar ta ɗauko tsumma, ta tambaya ko wannan makarantar ta bayan tasha har takarda take bayarwa. Ta ce da a ɓata shekara uku ina koyon kwashe kashin mutane, gara a kai ni koyon ɗinki. A wurin ta raɗa mini suna Likitar Fo, wato mai ɗaukar mazubin bayan gida. Sunan ya bi ni, har ƙananan yaran dangi da ban isa in doka ba suna kirana da shi. A guruf ɗin dangi na waya kuwa, duk wanda ya yi ƙorafin ciwon kai sai ta rubuta a jira Dokta ya zo hutu, kada a bari 'yan bayan tasha su yi gwaji da mutum. Mamata ta sha kuka a kan wannan. Ni kuma har yau in na tashi daga asibiti sai na shiga banɗaki na cire fararen kaya na cusa a jaka kafin in hau mota, don kada in haɗu da wani nata a hanya.

To, kwana goma sha biyu ke nan aka tura mu aikin koyo a ɗakin mata na babban asibiti. Na shiga da safe ina tura keken kayan wankin ciwo, na ja labulen gado na bakwai, sai ga Gwaggo a kwance. Ba gwal, ba turare, ba janbaki, ƙafarta ta dama a kan matashi an naɗe ta da bandeji. Ashe ciwon suga ta daɗe tana ɓoyewa, ya ci ƙafar har an cire mata yatsu biyu. Alhali a guruf ta rubuta cewa ta tafi hutawa wajen Dokta, kada a dame ta da kira. Kullum sai ta turo hoton fure da addu'ar safe, dangi suna ta amsa mata da a huta lafiya.

Ki ji abin da ta yi da muka haɗa ido. Matar gado na takwas ta tambaye ta ko ta san ni ne, ta ga muna kallon juna. Gwaggo ta kau da kai ta ce, “Wata yarinya ce da ta taɓa yi mana aikace-aikace a gida.” A gabana, Anti. Jinin babana yana yawo a jikinta.

Na matso da keken. Na sa safar hannu na kwance bandejin, Sista mai kula da ɗakin tana tsaye a kaina. Ba zan kwatanta miki warin ba. Na wanke da ruwan gishiri, na goge, na rufe, har Sista ta sa mini hannu a littafin aiki. Kuma tunda an hana ta taka ƙafar, kin san abin da ya biyo baya. Ni ce mai kawo fo, ni ce mai fita da shi. Duk lokacin da na ɗauka sai ta zuba wa silin ido kamar akwai rubutu a jikinsa.

Shi Doktan fa? Ya zo sau ɗaya, a kwana na uku, da abin sauraren ƙirji rataye a wuya kamar wani zai roƙe shi ya duba shi. Ya tsaya yana yi mini turanci a kan yadda ake wanke gyambo. Ina ɗaga audugar ƙarshe ya ga naman, sai launinsa ya sauya, ya toshe baki, ya cika wandonsa da iska. A bayan tagar muka ji shi yana kelaya amai. Tun ranar sai dai ya bugo waya, wai karatu ya yi masa yawa. Wannan shi ne wanda aka ce a jira ya zo hutu.

Abin da ya fi ba ni haushi, ta ƙi yarda kowa ya taɓa ƙafar sai ni. Ranar da nake hutu abokiyar karatuna ta zo da keken, Gwaggo ta ce za ta jira har gobe, sai da Sista ta yi da gaske. In ina wankin sai ta damƙe mini gwiwar hannu har farcenta ya bar shaida, amma ko sannu ba ta taɓa ce mini ba. Ta samu baiwa ce kawai. Magana ɗaya ta taɓa yi mini mai tsawo, ita ma ƙasa-ƙasa, cewa kada in kuskura babana ya ji.

Shekaranjiya da rana barci ya ɗauke ta, baki a buɗe. Na ciro waya na ɗauki hoto. Komai ya fito: fuskar, ƙafar, katin da ke rataye a gindin gado da sunanta, har da fo ɗin a ƙarƙashi. Na ma rubuta abin da zan sa a ƙasa: gaisuwa daga gidan Dokta. Sau biyar ina buɗe guruf ina rufewa.

Na san an koya mana rufe sirrin majinyaci. Amma wannan ai ba baƙuwa ba ce, gwaggona ce, maganar gida ce. Kuma Baba ba shi da haƙƙin sanin an yanke wa yayarsa yatsu? Shekara uku tana taka ni a gaban dangi, ni sau ɗaya tak nake so su gan ta yadda nake ganinta kowace safiya. Ki faɗa mini gaskiya, in na tura na yi laifi?

Taki,
Likitar Fo

Wa alaikis salam 'yata.

Kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta: kin riga kin yi laifin tun lokacin da kika ɗauki hoton. Turawar ita ce za ta mayar da shi abin da ba ya gyaruwa. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ki goge shi, ki shiga inda gogaggun hotuna suke taruwa ki sake gogewa, ki goge wannan 'yar barkwancin da kika tsara masa.

Ba na kare gwaggonki. Matar da za ta dubi 'yar ƙaninta da ke shirin wanke mata ciwo ta kira ta 'yar aiki don ta burge maƙwabciyar gado, ta ba ni kunya. Girman da ake kamawa da hoton fure daga gadon asibiti ba girma ba ne, wahala ce. Ɗan nata kuma ban ga abin ɓata tawada a kansa ba. Ya je ya gama amansa, wataƙila nan gaba ya koyi cewa abin wuya ba ya wanke gyambo. An zalunce ki shekara uku, an sa mahaifiyarki kuka, kuma haushinki yana kan gaskiya.

Amma dabarar taki ba ta fi halin nata daraja ba. Mace tana barci, ba ta iya zuwa banɗaki da ƙafarta, an damƙa miki ita amana, ke kuma kin tsaya a kanta kina neman inda hoto zai fi kyau. Da wata ce ta yi wa mahaifiyarki haka, wane suna za ki kira ta? Zancen cewa maganar gida ce kuwa, ki bar shi. Ba a gida kika gan ta ba. Fararen kayan nan ne suka buɗe miki labulen gado na bakwai, ba zumunci ba, kuma duk abin da kika gani a bayansa na majinyaciya ne, ko da ita ta haife ki.

Ki yi tunanin abin da zai biyo baya, tunda kin iya hasashe. Dangi za su yi dariyar minti goma. Daga nan wani zai tura wa wani, hoton ya fita da katin asibiti da suna a jiki, kuma ba sai an yi dogon bincike ba a gane ɗalibar da ke kula da wannan gado. Saura miki mako bakwai. Makarantun jinya, manya da ƙanana, ba sa wasa da irin wannan. In aka sallame ki, gwaggonki za ta koma gida da yatsu takwas da kuma hujjar da ta rasa shekara uku: ai na faɗa muku 'yan bayan tasha ba su san aiki ba. Ke da hannunki za ki ba ta.

Batun babanki kuma, kada ki fake da shi. Mai son mahaifinta ya san halin da yayarsa take ciki ba ta haɗawa da hoton fo. Gaskiya ne ya kamata ya sani, domin za a sallame ta, za ta buƙaci mai kai ta asibiti da mai lura da cin abincinta, kuma mun ga iya ƙoƙarin Dokta. Sai dai daga bakinta zai ji. Ki zaɓi lokacin da kika gama naɗe ƙafar, ki ja labule, ki ce mata ke ba za ki faɗa wa kowa ba domin aikinki ya hana ki, amma ciwon nan ba a jinyarsa a ɓoye, ta kira ƙaninta. In ta ƙi, ki sanar da Sista cewa majinyaciyar ba ta da mai kula da ita a gida, su san yadda za su shawo kanta.

Ita Sistar ma akwai abin da kika ɓoye mata. Tun ranar farko ya kamata ki gaya mata cewa ta gado na bakwai gwaggonki ce. Gobe ki faɗa. In ta ga ya fi a sauya miki gado, ki karɓa ba gardama. In kuma ta bar zaɓi a hannunki, ki tambayi zuciyarki ko za ki iya ci gaba da taɓa ƙafar nan da hannu mai tsabta.

Akwai abu biyu a wasiƙarki da kika rubuta ba ki karanta ba. Na farko, kin ce ta ƙi kowa sai ke, kin fassara shi da neman baiwa. Mai neman baiwa ba ta zaɓe, duk wadda ta zo da keken ta yi. Matar nan tsoro take ji, an yanke mata jiki, ɗan da ta cika baki da shi ya gudu, kuma a duk ɗakin hannu ɗaya ta yarda da shi. Bakinta ba zai taɓa furtawa ba, kada ma ki zauna jira. Farcen da ta kafa miki a hannu shi ne iya abin da girman kanta ya bari ya fito.

Na biyu, kin ce kina cire fararen kayanki a banɗaki ki cusa a jaka. Ashe ba Gwaggo kaɗai ta raina makarantar bayan tasha ba. Kin koyi allura a jikin roba mai hannu ɗaya, kin tsaya a kan ciwon da ɗan jami'a ya kasa kallo, Sista ta sa miki hannu, sannan kina ɓoye kayan kamar na sata. Ki daina. In dokar asibitinku ce a sauya kaya kafin a fita, ki sauya don tsabta, ki ninke su da kyau, amma ba don tsoron idon wani ba. Ɗaukar fo ma aiki ne da sai mai zuciya yake yinsa ba tare da ya kunyata mai shi ba.

Ki koma kan littattafanki, ki ci jarrabawarki. Ranar da lasisin ya fito, wannan shi ne hoton da za ki tura a guruf, kuma ba ya buƙatar ki rubuta komai a ƙasansa. Mutum ɗaya a cikinsu za ta gani ta yi shiru, domin ta san abin da kika sani, ta kuma san ba ki faɗa ba.

Allah ya ba gwaggonki lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarki, ke kuma ya ba ki sa'a, ya sa albarka a hannun nan naki. In za ki sake rubuto mini, ki sa hannu da Nas.

Antinki